Kakannin Fo Agbeko a Mashayar Filin Jirgi

A unguwar Be ta birnin Lome, duk wanda ka tambaya gidan mutumin da ya san jirgin sama, ƙofar Fo Agbeko zai nuna maka. Shi dai bai taɓa shiga jirgi ba. Abin da ya faru shi ne, shekara talatin da huɗu da suka wuce, ya yi wata goma sha ɗaya yana ja wa wurin ajiye motoci na filin jirgi layuka da farin fenti, kafin a sallame shi saboda layukan ba sa zuwa inda aka aike su. Daga nan ya koma masinja a wani ofishi har ya yi ritaya. Amma waɗannan watanni su ne yake kira shekarunsa a harkar jiragen sama, kuma kullum ƙara tsawo suke yi. In jirgi ya gilma ta saman unguwa, sai ya ɗaga kai, ya dubi agogon hannunsa da ya daɗe da tsayawa, ya ce matuƙin ya makara da minti shida.

Shugaban gidansu shi ne ƙanen mahaifinsa, Togbi Amenyo, tsoho ɗan shekara tamanin da uku wanda yanar ido ta rufe wa gani. 'Yarsa da ke aikin jinya a Abijan ta aiko masa da tikiti, ya je a yi masa aiki. A wuyan Togbi akwai wani ƙaramin mabuɗi a jikin baƙin zare, na ɗakin da ake ajiye kujerar kakanni. Shekara talatin da ɗaya bai cire shi ba ko a wurin wanka. Mabuɗin ba ya ƙetare iyaka, don haka dole a bar shi a hannun wani, kuma kowa ya san wanda aka bar wa riƙo yau shi ne shugaban gida gobe. Mutum biyu ake kallo: Fo Agbeko, da ɗan'uwansa Sename, masassaƙin kwale-kwale, wanda kan wuni bai yi magana goma ba. Togbi ya ce zai cire zaren ne ranar tafiya, bayan an zuba wa kakanni barasa, ba kafin nan ba.

A gidan ba a tafiya sai an sanar da waɗanda suka riga mu. Akan tsaya a bakin ƙofa da ƙaramin kofin sodabi, barasar nan fara tas da ake dafawa daga bammi, a kira sunayensu, a ɗiga a ƙasa, masu rai su sha ragowar. Minti biyar ya ishi abin. Amma ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Fo Agbeko ya tashi a taron dangi ya ce wannan na masu tafiya a mota ne. Tafiyar sama daga filin jirgi take farawa, a can ya kamata a sanar. Akwai wata mashaya a bene, in ji shi, inda manya ke zama cikin sanyi, kuma a nan zai zaunar da Togbi ya sha barasar sallama kamar minista.

Yayarsa Da Mawusi, mai sayar da bandar kifi a kasuwa, ta ce ta ji labarin wurin. Ɗan kurɓin da bai cika murfin kwalba biyu ba sefa dubu biyar ne, ribar kifinta ta kwana biyu.

"Baƙo ne ke biyan wannan, Da," in ji Agbeko. "Mu 'yan gida da idonmu muke shiga."

"To, Kyaftin."

Dabarar ita ce: sodabi da ruwa kalarsu ɗaya. Zai cika gorar ruwa da sodabi, a mashaya ya sayi gorar ruwa irinta guda ɗaya, ya nemi kofuna, ya musanya a ƙarƙashin tebur. Sanyi nasu, kujera tasu, barasa ta gida, kuɗin ruwa kawai za a biya. Sename ya dubi tafin hannunsa. Togbi ya daɗe yana murza mabuɗin, sannan ya ce bai taɓa zama inda ake sayar da sanyi ba, kuma mai son riƙon gida a bar shi ya nuna hannunsa.

Jirgin na ƙarfe biyu da minti ashirin ne na ranar Talata. Ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma tasi ta sauke su huɗu. Agbeko na gaba, cikin kwat ɗin da ya yi ritaya da ita, gora a hammata, yana nuna wa Togbi abubuwan da Togbi ba ya iya gani. A bakin ƙofa wani jandarma ya tare su, ya karɓi gorar, ya girgiza, ya ɗaga ta sama. Agbeko ya ce ruwan rijiyar gidansu ne, tsoho ba ya shan wani.

"To sha mu gani."

Mai hankali leɓe zai taɓa ya mayar da murfi. Amma akwai mutane a layi suna kallo, kuma Agbeko bai taɓa yin abu kaɗan a gaban jama'a ba. Ya kafa kai ya yi maƙwarwa uku manya. Sodabin na garin Vogan ne, sabon dafawa, irin wanda in an ɗiga a ashana yake kamawa. Ya sauka ta maƙogwaronsa kamar an zura garwashi, kunnuwansa suka toshe, hawaye suka zubo sharaf-sharaf. Jandarma ya tambaye shi kukan mene ne. Da ƙyar muryarsa ta fito, ya ce babansa ne zai hau sama. Jandarman ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya yi haƙuri, jirage suna dawowa da mutane. Suna wucewa Da Mawusi ta ce lallai rijiyarsu ta yi ƙarfi bana.

A gindin matakalar nan mai tafiya da kanta, Agbeko ya tsayar da su ya yi musu bayanin yadda ake hawa, ƙafar dama tukuna, ido a gaba. Sannan ya taka wadda ke saukowa. Sau uku tana dawo da shi inda ya tashi, kafin Sename ya kama hannun rigarsa ya ɗora shi a kan ɗayar.

Mashayar tana bene, kafin inda ake buga fasfo, don haka masu rakiya ma suna zama. Kuma a faɗi gaskiya, wurin yana da daɗi. Kujeru masu laushi da ke rungumar mutum, sanyi na sauka daga rufi ba tare da ƙara ba, bango guda na gilashi ne, ta cikinsa ana hango jirage a kwance cikin rana kamar shanun da suka ƙoshi. Mutum na zaune tsakanin inda ya baro da inda za shi, babu mai yi masa sallama, babu mai kawo masa ƙarar iyakar fili. Togbi ya nutse a kujera ya sauke numfashi mai tsawo. Ya ce tun rasuwar matarsa bayansa bai sami abin jingina irin wannan ba. Jiragen ba ya ganinsu, amma in ɗaya ya motsa yana jinsa a ƙirji, sai ya tambayi Sename kalarsa, Sename ya faɗa masa da kalma ɗaya.

Mai kula da wurin wata mace ce mai kimanin shekara arba'in, da farar riga da fensir soke a gashinta. An rubuta Akpene a ƙirjin rigar. Agbeko ya gaishe ta kamar tare suka yi aiki, ya tambayi lafiyar shugaban masu fenti da wasu mutum biyu, ta ce ba ta san su ba, kuma ginin da yake magana a kai an rushe shi tana makarantar firamare. Ya nemi gorar ruwa ɗaya da ƙananan kofuna huɗu.

"Ƙananan kofuna, Papa? Don ruwa?"

"Likita ya ce tsoho ya riƙa sha kaɗan-kaɗan, 'yata."

Ta kawo. Sefa dubu ɗaya da ɗari biyar. Agbeko ya biya yana murmushin wanda aka taka wa ƙafa a coci. Tana juya baya ya sunkuya, ya tura gorar ruwan cikin jakar Da Mawusi, ya ɗora tasa a tebur, ya kashe wa Sename ido. Har nan dai dabara tana tafiya.

Togbi ya ce tunda ido ba ya barinsa ya ga bakin kofi, Agbeko ya zuba wa kakanni.

Yadda ake yi a gida, suna uku ko huɗu ake kira, sannan a ce da waɗanda aka sani da waɗanda ba a sani ba, kowa ya zo ya karɓa. Haka Togbi ke yi, haka ubansa ya yi. Amma maƙwarwa ukun nan ta riga ta hau kan Agbeko, ga mabuɗi yana lilo a gabansa, ga Sename zaune shiru kamar kututture. Ya ga yau ce ranar da zai nuna wa ya san asalin gidan. Ya miƙe tsaye, ya zare takalmi, ya sauke kwat daga kafaɗa ɗaya, ya fara da murya ƙasa-ƙasa.

Ya kira Sokpo wanda ya kafa gidan, wanda ya kama kada da hannu, ya ɗiga. Ya kira Ahiable mai kwale-kwale bakwai, ya ɗiga. Ya kira tagwaye Atsu da Etse, kowa da nasa. Ya kira Nyavo, ya kira Mama Yawa mai tukunyar da ba ta hucewa. Kowane suna da kirarinsa, kowane kirari yana ɗaga muryarsa, ɗigon kuma yana zama tsiyaya. Kofi ya ƙare ya sake cikawa. Ya kira Kpodo kakan Sename, ya kira Dogbe mahaifin Togbi. Ya tono waɗansu sunaye da ko Togbi sai da ya karkata kai kafin ya tuna su. Da ya kai na goma sha huɗu, har mai shara a ƙasan bene tana jinsa yana cewa su zo duka, su zauna, su sha, ɗansu Agbeko ne ya kawo su wurin manya.

Ƙasar Be rairayi ce, ko guga ka zuba mata za ta haɗiye ta yi shiru. Abin da bai zo wa Agbeko a rai ba shi ne tayil ba shi da maƙogwaro. Barasar ta taru a gindin tebur, ta yi ɗan tafki, ta sami gangara ta kama hanya. Ta bi ƙarƙashin kujeru ta jiƙa gindin jakar wata 'yar kasuwar atamfa, matar ta ɗauke jakar tana tambayar wa ya haifi wannan aikin. Wani mai kwat ya ja akwatinsa mai taya ta ciki, tayoyin suka zana jiƙaƙƙun layuka biyu har bakin ƙofa, miƙaƙƙu sak, irin waɗanda Agbeko bai taɓa iya ja ba. Na'urar sanyi kuwa ta ɗauki warin ta raba wa kowa daidai.

A kan dogayen kujerun gaban kanta akwai maza uku, kowa da kofin wuski a gabansa yana lallaɓa shi kamar maganin ido. Hancinsu ya ɗaga lokaci ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, mai furfura, wanda zai koma aikin gadi a Turai, ya ce rabonsa da wannan ƙanshin tun tsakar gidan ubansa. Suka bar kofunansu suka taho, suka rusuna suka gaida Togbi, suka tambayi lafiyar gida da ta yara. Wanda ya gaishe ka kana shan sodabi kuwa ba a barinsa ya tafi da busasshen baki. Agbeko ya zuba musu. Kowannensu ya sha, ya tanɗe baki don jin daɗi, ya juye ɗan ragowar a ƙasa yadda aka koya masa tun yana yaro. Tafki ya ƙaru.

A nan Akpene ta fito daga bayan kanta, da ɗan allo a hannu ɗaya, da takardar rubuta oda a ɗayan.

"Papa, an gama addu'a?"

"Ruwa muke sha, 'yata."

"Ni 'yar Vogan ce. A bayan tukunyar sodabi aka yanke mini cibiya. Tun da ka buɗe murfin nan na san kwanan ruwanka nawa a jarka."

Ta ajiye allon a tebur. An rubuta cewa duk wanda ya shigo da abin shansa daga waje, sefa dubu biyu ne a kan kowane bakin da ya sha. Agbeko ya dubi mutanen teburin, su huɗu da baƙi uku. Ya gyara kwat ya ce ba komai, shi ya san doka, da shi aka kafa ta, a rubuta baki bakwai.

"Ashirin da ɗaya," in ji Akpene.

Ta juya masa takardar. Sunaye goma sha huɗu ne a jere da fensir, daga Sokpo har ƙasa, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

"Da kunnena na ji ka kira su, ka ce su zauna su sha. Abu ɗaya nake tambaya, Papa. Sun zo, ko ba su zo ba?"

'Yar kasuwar atamfa ta juyo da kujerarta don ta ga da kyau. Togbi ya juya fararen idanunsa wajen muryar Agbeko, hannunsa a kan mabuɗi. Agbeko ya ji gumi na bin bayansa cikin wannan sanyi mai tsada. In ya ce ba su zo ba, to mene ne amfanin ba shi mabuɗin ɗakinsu? In ya ce sun zo, dubu arba'in da biyu ne, fanshonsa na wata bai kai haka ba.

"Sun zo," ya ce. "In ni na kira, zuwa suke yi." Ya ɗan tsaya. "Amma ba duka suka sha ba."

Akpene ta zare fensir daga gashinta, ta ce tana saurare.

Ya fara da Nyavo. Nyavo malamin coci ne, har ya mutu barasa ba ta taɓa bakinsa ba, rakiya kawai ya yi. Akpene ta yarda, ta ja layi. Ahiable gyambon ciki ne ya kashe shi, likita ya hana shi. Ta ja layi. Atsu da Etse tagwaye ne, kofi ɗaya suke sha tun suna raye, a lissafa su mutum ɗaya. Da ya ga ta yarda, sai ya ƙara da cewa ai shi ɗayan ma ba ya zama inda Sokpo yake, saboda rigimar wata gonar kwakwa. Shi kuma Sokpo ya tsufa ƙwarai, ba zai iya hawa matakala mai tafiya ba. Mai furfurar nan ya ce wannan gaskiya ne, yau ma ya ga wani ta dawo da shi sau uku. Aka yi dariya har bayan kanta. Mama Yawa mace ce mai kunya, leɓe kawai take taɓawa, a rubuta rabi. Jama'a suka shiga cinikin, wannan ya ce a bar wane, wancan ya ce a cire shi. Da Mawusi ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa, ba a san kuka take ko dariya ba.

A makarantar mishan an koya mana labarin wanda ya yi musun ubangidansa sau uku, sannan ya fita ya yi kuka. Agbeko ya wuce goma, kuma ko alamar fita bai yi ba. Hasali ma daɗin cinikin ya fara ɗibarsa. Da fensir ya iso kan Kpodo, sai ya ga tsuntsu biyu a reshe ɗaya. Ya rage murya, yadda duk wurin zai kasa kunne, ya ce a gaskiya Kpodo ba jininsu ba ne, da cikinsa uwarsa ta zo daga Keta, don haka in akwai mai biya masa sai a nemi jikokinsa. Bai dubi wajen Sename ba. Da Mawusi ta sauke gyalen, ta daina rawar kafaɗa.

Saura Dogbe. Agbeko ya ce wannan ma ba sai an daɗe ba. Dogbe ko jirgin ƙasa bai yarda ya shiga ba, a ƙafa yake zuwa Atakpame. Ranar da jirgin sama ya fara wucewa ta kan Be, cikin rumbun masara ya ɓuya har kwana biyu. Mutum irin wannan me zai kawo shi filin jirgi?

"Kwana ɗaya ne, Agbeko," in ji Togbi a hankali. "Ni na kai masa abinci."

Babu wanda ya yi dariya. Togbi ya tambayi Akpene, cikin goma sha huɗun da aka gayyata saura nawa. Ta duba takarda ta ce saura rabi, Mama Yawa. Tsohon ya jinjina kai. Sannan ya karkata kunne, don akwai wata ƙara da yake ji a kusa da ƙafarsa, kamar ana matse tsumma. Ya tambayi ko wane ne.

Sename ne. Tun ana kan tagwaye ya tashi ya aro bokiti da sabon tsumma a wurin mai shara, ya durƙusa yana tsane barasar daga tayil yana matsewa a ciki, lungu-lungu, har ƙarƙashin kujerar 'yar atamfa.

"Ƙasa ba ta karɓa ba, Togbi," ya ce. "Nasu ne. Zan kai musu waje."

"Har da Kpodo?"

"Ai shi ya fi kowa sonta."

Togbi ya ce maganar Kpodo ba sabuwa ba ce. Kakan Togbi da kansa ya ɗauki jaririn ya ce ɗansa ne, magana ta ƙare tun kafin a haifi uban Agbeko, kuma ba a taɓa tayar da ita ba sai yau, a kan sefa dubu biyu. Ya sa hannu biyu ya zare baƙin zaren ta kansa. Wurin da ya kwanta shekara talatin da ɗaya ya bar farin layi a wuyansa. Ya laluba har ya sami kan Sename, ya rataya masa.

Akpene ta yage takardar sunayen, ta ninke, ta miƙa wa Sename. Ta ce matattu ba sa biya a wurinta, ubanta ma yana cikinsu. So take ta ji nawa Papa zai sayar da nasa. Masu rai dai su bakwai ne, dubu goma sha huɗu. Agbeko ya juye aljihun kwat da na wando, har da kuɗin tasin komawa, da ƙyar ya cika. Baƙin nan uku suka yi masa godiya sosai, suka koma wurin wuskinsu.

Sename ya ɗauki bokiti zai fita, Togbi ya ce a'a, mai mabuɗi ya zauna kusa da shi, akwai maganar da za su yi. Wanda ya gayyato baƙi shi ke musu rakiya. Sannan ya kwance bakin hankicinsa, ya ciro dubu biyar cikin kuɗin da 'yarsa ta aiko, ya ce a kawo masa irin abin da ministoci ke sha. Da aka kawo, ya sa aka matso da bokitin, ya ɗiga kaɗan a ciki don su ma su ɗanɗana, ya kurɓi sauran, ya daɗe yana juya shi a baki. Da Mawusi ta tambaye shi ko ya kai kuɗinsa.

"Giyar ta dubu ɗaya ce," in ji Togbi. "Kujerar ta dubu biyu. Saura dubu biyun na shirun da zan samu ne in Agbeko ya fita da bokitin nan. Ba a cuce ni ba."

Haka Fo Agbeko ya sauko daga bene, wannan karon ta matakalar da ta dace, da kwat da bokiti. A bakin ƙofa jandarman ɗazu ya leƙa ciki, ya ja hanci, ya tambaya ko wannan ma ruwan rijiya ne. Agbeko ya ce kakanninsa ne. Jandarman ya dube shi, ya dubi bokitin, ya matsa gefe.

Waje kuwa duk inda ya taka kwalta ce da siminti. Ya ratsa wurin ajiye motoci cikin rana tsaka, a kan layukan da wani ya ja bayansa. Sai can jikin shinge ya sami wata bishiya da 'yar ƙasa a gindinta, faɗin tabarma. Ya ajiye bokiti, ya zare takalmi. Babu mai kallo, don haka muryarsa ba ta tashi ba. Ya fara da Kpodo, ya ce ya yi haƙuri, magana ce ta ciniki. Ya ce wa Dogbe kwana ɗaya ne, ya karɓi gyara. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya har goma sha huɗu, ya tuntsurar da bokitin. Ƙasa ta shanye nan take, ko kumfa ba ta bari ba. Ya zauna ya jingina da bishiyar don ya huta kaɗan, maƙwarwa ukun nan ta karɓi sauran aikin.

Ƙarar jirgi ce ta tashe shi. Ya ɗaga kai ya ga cikinsa fari yana hawa, da Togbi a ciki, wuya ba zare. Ya dubi agogonsa ya ce ya makara da minti shida. Ranar dai, bisa ga agogon filin jirgi, da minti shidan ya makara, amma babu kowa a wurin da zai shaida. Ya mayar da bokiti, ya tarar Sename da Da Mawusi sun daɗe da tafiya, ya kama hanyar Be a ƙafa.

Washegari da hantsi maƙwabta suka same shi a kan bencinsa na ƙofar gida, ƙafafu cikin kwanon ruwan ɗumi. Yana ba da labari cewa a duk Lome babu gidan da aka taɓa kai kakanninsa mashayar filin jirgi sai nasu, mutum goma sha huɗu, cikin sanyi, kuma shi ya tsaya ya yi ciniki har aka bar su suka sha kyauta. Mabuɗi kuwa shi ya ce a ba Sename, don harkar jiragen sama ba ta barin mutum ya zauna a gida.

Da Mawusi ta fito da tiren kifi a ka. Aka tambaye ta ko haka aka yi. Ta ce ƙwarai, tana wurin, da idonta ta gani. Sai dai tana roƙon unguwa alfarma ɗaya: ranar da ta mutu, kada a bar Agbeko ya kira ta ko'ina sai an fara laluba aljihunsa.